Waiwaye: ranar da igiyar farashin gahawa ta tsinke

Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da laba ɗaya ta gahawa, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, ta haura dala 4 a kasuwar New York, ake ta muhawara: kaya ya yi tsada haka, me ya sa ƙaramin manomi a Sidama ta Habasha ko a tsaunukan Honduras har yanzu sai ya ci bashi kafin kaka? Ga kuma dokar Tarayyar Turai ta 2023 da ke neman a nuna inda kowace gona take, don a tabbatar ba daji aka sare ba. Masu magana da yawa sun ɗauka jiya abin ya fara.

Farkon labarin sananne ne. Habasha ce mahaifar gahawa, Sufayen Yaman suka sha ta don raya dare a ƙarni na 15, Turawa suka kai irinta tsibirin Java na Indonesiya, ta isa Brazil a 1727, aka noma ta da gumin bayi.

Abin da ake tsallakewa shi ne watan Yulin 1989. Tun 1962 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen da ke noma da masu saye, wadda ta ƙayyade buhu nawa kowace ƙasa za ta fitar. Farashi ya sauka, a rage kaso. Ya hau, a sassauta. A shekarun 1980 ana riƙe farashin laba tsakanin santi 120 da 140, wato dala 1.20 zuwa 1.40. Tsarin na da nasa aibin, ban musa ba, don ba duk kuɗin ke isa hannun manomi ba. Amma dai mai dasa bishiya ya san abin da zai tarar.

Da aka kasa sasantawa kan rabon kason, aka jingine tsarin a watan Yulin 1989. Ƙasashe suka buɗe rumbuna, kowa na rige-rigen sayarwa, cikin 'yan watanni farashi ya faɗi kusan rabi. Hukumomin sayen amfanin gona a Yuganda da Kamaru suka rasa ikonsu a farkon shekarun 1990, tallafin taki da malaman gona suka ja baya, aka bar manomi shi kaɗai gaban dillali. A 2001 laba ta koma ƙasa da santi 50. A shekarun 1980 ƙasashen da ke noma na samun dala biliyan 10 zuwa 12 daga cinikin gahawa na biliyan 30 a shagunan ƙasashen masu saye. A farkon shekarun 2000 cinikin ya kai biliyan 70, rabonsu ya koma biliyan 5.5.

Gahawa ba masara ba ce da za a canza bana idan bara ba ta yi ba. Sai ta shekara 3 ko 4 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda bai san farashin baɗi ba, ta yaya zai tuge tsohuwar bishiya ya jira sabuwa, alhali ga bakunan ciyarwa? Shi ya sa gonaki suka tsufa, samari suka tafi birni, wasu suka ƙara kutsawa daji neman sabuwar ƙasa.

Tsadar da aka gani a 2025 ma fari ne ya kawo ta, wanda ya buga Brazil da Biyetnam a 2024. Manomin da rana ta ƙone masa fure, a rediyo kawai ya ji labarin dala 4.