Kiyaye Muhalli

Kiyaye muhalli ya ƙunshi duk matakan da ɗan'adam ke ɗauka domin kare ƙasa da ruwa da iska da halittun da ke cikinsu daga lalacewa, tun daga dokokin da gwamnatoci ke kafawa a kan manyan dazuzzuka har zuwa yadda iyali ke girki da zubar da shara. Batun ya samu gindin zama a siyasar duniya a taron Majalisar Ɗinkin Duniya na birnin Stockholm a shekarar 1972, wanda ya haifar da UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar, mai hedikwata a Nairobi.

Kurmi, wato daji mai duhu da ke samun ruwan sama kusan duk shekara, shi ne inda hankalin masana ya fi karkata. Mafi girma shi ne na Amazon, wanda kusan kashi 60 cikin 100 nasa ke cikin Brazil, sai na kwarin Kogin Kwango da ya ratsa ƙasashe shida, sannan na kudu maso gabashin Asiya. Itatuwan kurmi suna zuƙar iskar kabon mai ɗumama duniya su adana ta a jikinsu, suna kuma fitar da tururin ruwa ta ganyensu, wanda iska ke ɗauka ya sauka a matsayin ruwan sama a gonakin da ke nesa ƙwarai da dajin. A shekarar 2017 masu bincike suka bayyana cewa fadamun tsakiyar kwarin Kwango suna riƙe da kabon da ya kai tan biliyan 30 a cikin ruɓaɓɓun tsirrai da suka daɗe jibge a ƙarƙashin ruwa. Abin mamaki shi ne ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi sosai, domin albarkarta tana cikin itatuwa da ganyen da ke zuba, shi ya sa gonar da aka share a wurin kan gaji bayan 'yan shekaru. Har ma ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan tsallake Tekun Atlantika ta kai wa Amazon sinadarin fosfaras mai ciyar da tsirrai.

Abin da ke cinye kurmi ya bambanta daga nahiya zuwa nahiya. A Amazon kiwon shanu ne kan gaba, a Indonesiya da Malesiya gonakin kwakwar manja, a Kwango kuwa ƙananan gonaki da ƙona gawayi. Masu kare daji sun sha biya da rayukansu, kamar Chico Mendes, jagoran masu tatsar roba da aka kashe a jihar Acre ta Brazil a 1988. Duk da haka tarihin Brazil ya nuna cewa doka tana aiki idan an bi ta da gaske, domin tsakanin 2004 da 2012 sare dajin Amazon ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, bayan gwamnati ta haɗa sa ido ta tauraron ɗan'adam da cin tara da keɓe filayen 'yan asalin yankin.

Alaƙar wannan da rayuwar gida ba ɓoyayyiya ba ce, tunda nama da manja da katako da gawayi duk a gidaje suke ƙarewa. Fiye da mutane biliyan 2 har yanzu suna girki da itace ko gawayi ko makamantansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana jawo mutuwar kusan mutum miliyan 3 a shekara, saboda haka murhu mai rage cin itace yana tsare daji da huhun mai girki a lokaci guda. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta ko a zubar da shi.

Leda da robobi su ne suka fi gagarar ƙoƙarin mutum ɗaya, domin abin da ake sake sarrafawa daga cikinsu bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka tari matsalar daga tushe: Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya ta biyo baya a 2017 da hukunci mai tsanani a kan masu ƙera ta da masu sayar da ita.