Yadda dokar fidda gwani a Amurka ke bari sabon shiga ya tuge tsohon ɗan majalisa

Jama'a, har yau akwai masu mamakin abin da ya samu Eric Cantor ranar 10 ga Yunin 2014 a jihar Virginia. Mutumin tun 2001 yake majalisar wakilai, a lokacin shi ne jagoran masu rinjaye na Republican, ya kashe sama da dala miliyan 5, sai ga wani malamin kwaleji mai koyar da tattalin arziki, Dave Brat, da wajen dala dubu 200 ya tika shi da ƙasa a fidda gwani. Ba tsafi ba ne, tsarin dokar ne ya ba da ƙofa.

A can babu tikitin alfarma. A yawancin jihohi, ko shekara talatin ka yi a kujera, duk ɗan jam'iyyar da ya cika sharaɗin jiharsa, ya tara sa hannun mutane ko ya biya kuɗin rajista, sunansa zai hau takardar ƙuri'a kusa da naka kuma shugabannin jam'iyya ba su da ikon cire shi. Sannan babu iyakar wa'adi ga ɗan majalisar tarayya, a 1995 ma kotun ƙoli ta ce jiha ba ta da hurumin saka wannan iyaka. To a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ke ci kullum, fidda gwani shi ne zaɓen gaske, nan kaɗai ake iya taɓa tsohon hannu.

Masu wannan fito-na-fito, irin 'yan Tea Party, wato masu ra'ayin riƙau na ɓangaren Republican da suka taso a 2009, kukansu ɗaya ne, wai dattawan jam'iyya sun saba da Washington, suna sa hannu a kashe kuɗi da cin bashi alhali sun yi alƙawarin tsuke bakin aljihu. Dala biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna a 2008 ita ta fi ci musu rai.

Amma fa abin da na fi so ku riƙe, kowace jiha da tata dokar, kuma tambayar wa ke da ikon jefa ƙuri'a ita ce ke yanke hukunci tun kafin a fara kamfe. Wasu jihohin sai wanda ya yi rajista da jam'iyyar, wasu kuma irin Virginia ba a ma rajistar jam'iyya, kowa zai iya zuwa. A Utah a 2010 daliget ne ke tacewa a taron jam'iyya, kamar dai yadda muka sani a nan, mutum wajen 3,500 suka jefa Sanata Bob Bennett mai shekara 18 a kujera zuwa na uku, saboda ya goyi bayan kuɗin bankunan nan, ko gaban talakawan jam'iyya bai kai ba, Mike Lee ya gaji kujerar.

Mississippi kuma sai ka haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a sake karawa. A 2014 Chris McDaniel ya ɗan tsere wa Sanata Thad Cochran na Republican, wanda ke majalisar dattawa tun 1978, amma bai kai rabi ba, a zagaye na biyu Cochran ya nemi ƙuri'un baƙaƙen fata masu zaɓen Democrat, doka ta yarda matuƙar ba su yi fidda gwanin tasu jam'iyyar ba, da su ya tsira da kyar.

Ni dai tsarin yana burge ni domin babu wanda ya fi ƙarfin a tambaye shi ina alƙawari. Damuwata ƙarancin masu fitowa, zaɓen Cantor ƙuri'a kusan dubu 65 aka jefa a mazaɓa mai mutum sama da dubu 700, kenan 'yan kaɗan masu zafin ra'ayi ke zaɓar wa kowa.

Wanda ya faɗi fa, zai iya sauya sheƙa ya tsaya? A yawancin jihohi a'a, doka ta hana sunansa hawa takardar babban zaɓe a wannan zagayen. Sanata Lisa Murkowski ta Alaska da Joe Miller ya kayar a fidda gwanin 2010 sai ta roƙi mutane su rubuta sunanta da hannu a takardar ƙuri'a, ta riƙa koya musu yadda ake rubuta shi harafi-harafi, kuma ta ci. Kafin ita, rabon da wani ya shiga majalisar dattawa ta wannan hanya tun 1954.