Ma'anar MIDI a Harkar Kayan Kiɗa na Lantarki

MIDI yare ne da kayan kiɗa na lantarki ke fahimtar juna da shi. Idan aka danna maɓallin fiyano, babu wani sauti da ke bi ta wayar MIDI. Lambobi ne kawai ke tafiya, suna shaida cewa an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, a tasha kaza, wato layin da aka ware wa saƙon a cikin wayar. Na'urar da ta karɓi saƙon, sintesaiza ce ko manhajar kwamfuta, ita ke ƙera sautin. Shi ya sa fayil guda zai yi daɗi a wannan na'ura, a waccan kuma ya fito a bushe.

Tsarin ya bayyana a 1983, bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. A watan Janairun shekarar aka jona sintesaiza biyu, Prophet-600 ta Sequential Circuits da Jupiter-6 ta Roland, a bainar jama'a, ɗaya ta kaɗa ɗayar.

Saƙon danna maɓalli bayit uku ne, wato lambobi uku a jere. Na farko yana faɗin irin saƙon da tashar da aka nufa, tashoshin kuwa 16 ne a waya ɗaya. Na biyu lambar maɓallin ce, daga 0 zuwa 127: maɓallin da ake kira C a tsakiyar fiyano shi ne 60, wanda ake kira A, mai sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kuma 69. Na uku ƙarfin bugu ne, wanda a zahiri saurin saukar maɓallin ake aunawa. Idan an ɗaga yatsa, saƙon saki daban yake tafiya, ko kuma a sake aika na dannawa da ƙarfin bugu sifili.

Wannan rabuwar ita ce tushen matsalar da ta fi damun masu aiki, wato sautin da ya maƙale. In waya ta zare, ko aka sauya tasha alhali yatsa na kan maɓalli, saƙon saki ba zai isa ba, sintesaiza kuma za ta yi ta ƙara ba ƙaƙƙautawa. Maganinsa saƙon sarrafawa mai lamba 123, wanda ke sakin dukkan sautuka. Amma a fara duba feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don riƙe sauti, domin muddin saƙo mai lamba 64 na nuna an taka ta, sautin zai ci gaba da riƙewa.

Ramukan MIDI da ake samu a bayan na'ura iri uku ne. OUT na fitar da abin da ita kanta ta kaɗa, IN na karɓa, THRU kuma na miƙa kwafin abin da ya shigo ta IN. Kullum OUT ake kaiwa IN. Idan an jona daidai amma shiru, galibi tashar mai aikawa ce ta saɓa da ta mai karɓa. In kuma ganguna ke fita maimakon fiyano, saƙon na tafiya ne a tasha ta 10, wadda ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta ware wa ganguna.

Akwai kuma sauti mai fita ninki biyu, siriri, maras armashi. Yana faruwa ne idan fiyano ta kaɗa sautinta, kwamfuta kuma ta dawo mata da saƙon ta sake kaɗawa. Sai a kashe Local Control a saitin fiyanon, wato abin da ke sa ta kaɗa sautinta kai tsaye idan an danna maɓalli.

Tsohuwar waya mai fil biyar tana ɗaukar bit 31,250 a daƙiƙa (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai), don haka kowane saƙon maɓalli na cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ga mutum ɗaya mai kaɗa fiyano ya wadatar sosai. Amma idan aka cusa tashoshi 16 a waya guda, ga saƙonnin lanƙwasa murya na kwarara, kunne zai fara jin ganguna na makara. Ya fi kyau a raba kayan ta ramuka daban-daban ko a koma USB, kuma kada tsawon waya mai fil biyar ya wuce mita 15.