Tsabar Filatinam ta Rasha: Me Ke Cikinta Banda Filatinam?

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, to ga su wuri guda.

Da gaske an taɓa ciniki da kuɗin da aka ƙera da filatinam, farin ƙarfen nan mai daraja?

An yi. A Rasha, daga 1828 zuwa 1845, zamanin Sarki Nikolas na ɗaya. Akwai ta rubul 3, ta 6 da ta 12.

In kankare gefenta da zarto, in ɗiga asid in gani?

Kada ka kuskura! Asid guda ba ya cin filatinam, saboda haka ba zai nuna maka abin da ke cikinta ba, shi kuwa zarton ya riga ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Raina yana ɓaci ƙwarai in aka miƙo mini tsabar da ta kusa shekara 200 da sabon tabo a gefe.

Me ya sa ba tsantsa ba ce?

Domin ba narka ta aka yi ba. Filatinam sai zafi ya kai digiri 1768 a ma'aunin Celsius yake narkewa, wutar maƙeran lokacin kuwa ba ta kai nan ba. Sai wani masanin ƙarafa ɗan Rasha, Sobolevsky, ya ɓullo da dabara: a jiƙa ɗanyen ƙarfen tsaunukan Ural a haɗin asid biyu, a fitar da shi, a gasa ya zama gari mai kama da soso, a danne, a sake gasawa, a buga. Tacewar ba ta kwashe komai ba, sai baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai suna iridiyam suka maƙale a ciki.

To ta yaya zan gane tawa ta asali ce?

Nan ne sai an bi a hankali. Fara da sikeli: ta rubul 3 kusan giram 10.35 ce, amma wadda ta sha hannu tana iya ɗan raguwa. Sannan a auna ta a cikin ruwa don a san nauyinta gwargwadon girmanta. Tsantsar filatinam tana ninka nauyin ruwa mai girmanta sau 21.45, ta asali kuwa takan gaza haka kaɗan, saboda gaurayen da ƙananan ramukan da dannewa ta bari. Sai dai kumfar iska guda a jikin tsabar ta isa ta karkatar da lissafin.

Maganaɗisu mai ƙarfi yakan ɗan ja wasu na asali, saboda baƙin ƙarfen nan. Wasu na ce, ba duka ba. In taka ba ta motsa ba, kwantar da hankalinka, wannan kaɗai bai kashe ta ba. Na'urar XRF, mai aiki da hasken X-ray, tana karanta sinadarai ba tare da ƙwarzane ba, amma fatar sama kawai take gani.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, tsabtar da ta yi yawa ita ce abin zargi. Waɗanda aka sake bugawa daga baya domin masu tara tsaba, da Rashawa ke kira novodel, galibi ƙarfensu ya fi tacewa. Ko haka ma ban yarda a yanke hukunci da awo ɗaya ba. A haɗa su duka, ƙwararre ya duba zanen hatimin.

Dattin da aka tace, zubarwa aka yi?

A'a. Daga irin ragowar nan masanin sinadarai Karl Klaus ya gano sinadarin ruteniyam a birnin Kazan na Rasha, a 1844.