Yawan ƙwallaye ba shi kaɗai ne ma'aunin gwani ba

A gidajen kallon ƙwallo da majalisu an daɗe ana cewa wanda ya fi zura ƙwallaye a kakar wasa shi ne ya fi kowa iyawa. Maganar tana da tushe, don ƙwallo ce ke ba da nasara. Sai dai adadin yana ɓoye abubuwa da yawa.

Na farko shi ne fanareti. Ana buga shi daga tazarar mita 11, daga kai sai mai tsaron gida, kuma a manyan gasanni kusan uku cikin huɗu suna shiga. Galibi mutum ɗaya ne ke buga wa ƙungiya, saboda haka ƙwallayensa kan ƙaru ko da wani ne ya sha wahalar samo bugun. Wannan shi ya fi damuna, domin wanda aka kayar ba ya samun komai a lissafi.

Akwai kuma lokaci. Wanda ya ci goma a minti 900 ya fi wanda ya ci goma sha biyar a minti 2,700 yawan ci a kowane wasa. Ƙarfin ƙungiya ma yana tasiri.

Kowa zai iya dubawa da kansa. Cire ƙwallayen fanareti, raba sauran da mintocin da ɗan wasa ya buga, ka ninka da 90. Sannan ka kalli wasa guda kana bin ɗan wasan da ido ko ƙwallo ba ta ƙafarsa.

Don Allah a tura wa abokan kallo su ma su gani.