Borin jini a yara

Borin jini, wanda ma'aikatan asibiti ke kira alaji, yanayi ne da garkuwar jiki ke ɗaukar abu marar illa tamkar abokin gaba. Jikin yaro kan samar da ƙwayoyin kariya da ake kira IgE, idan ya sake haɗuwa da abin sai su sa a saki sinadarin histamin, wanda ke kawo ƙaiƙayi, rudu-rudu a fata, kumburi, atishawa da hawaye. Madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, ƙura, harbin zuma da penisilin na cikin manyan masu tayar da shi.

Tarihi

Likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ne ya ƙirƙiro kalmar alaji a 1906, bayan ya lura cewa yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki suna yin bori da sauri idan aka maimaita musu. Tun a 1902 Charles Richet da Paul Portier na Faransa suka bayyana nau'in da ke kisa, bayan gwaji a kan karnuka, kuma Richet ya sami kyautar Nobel a 1913. An gano IgE wajen 1966 zuwa 1967, a Amurka da Suwidin.

Gwaji

Akan ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu, a tsaga fata kaɗan, a duba bayan minti 15. Maganin ƙaiƙayi da aka sha kwanan nan kan ɓoye sakamakon.

Magani

Tushen magani shi ne nisantar abin. Ga yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, wannan ya haɗa da ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa da yajin tsire, inda iyaye suka fi mantawa. Maganin ƙaiƙayi irin Cetirizine na kwantar da ƙaramin bori, Piriton ma haka, sai dai yana sa barci.

Bori mai tsanani kuwa, wato kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya, numfashi mai shaƙewa, ko yaro ya yi laushi ya suma, ba ya jin waɗannan magunguna. Allurar adrenalin ce maganinsa, a tsokar gefen cinya ta waje: miligiram 0.01 ga kowane kilo na nauyin yaro, kada ta wuce 0.5. Allurar da aka riga aka auna, irin EpiPen, tana da 0.15 ga mai kilo 15 zuwa 30, da 0.3 ga wanda ya fi haka. A kwantar da yaro a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a zaunar da shi. Kada a miƙar da shi tsaye, domin jini kan kasa isa zuciya. In babu sauƙi bayan minti 5 a maimaita allurar. Ko ya warware a kai shi asibiti, don borin kan dawo bayan sa'o'i.

Rigakafi

A da ana cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa. Wani bincike mai suna LEAP da aka gudanar a Landan, aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya nuna fara ba su tun suna watanni ya rage borin da kusan kashi 80 cikin 100. Niƙaƙƙiya ake bayarwa, ƙwayar gyaɗa na shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Yara da yawa kan rabu da borin madara da ƙwai idan sun girma, na gyaɗa kuwa yakan zauna.