Turaren wardi da ambar a lokacin hunturu: tambayoyi da amsoshi

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, hazo ya rufe gari, leɓe ya soma tsagewa, sai kwalaben turaren da aka tura bayan madubi tun Afrilu su dawo gaba. Mafi yawansu masu nauyin ƙamshi ne, na wardi da ambar da kayan yaji. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Me ya sa turaren da ke hawa mini kai a bazara yake yi mini daɗi yanzu?

Zafi ne ke tayar da ƙamshi. Idan rana ta ƙwalle jiki ya yi gumi, turare mai nauyi yakan tashi gaba ɗaya lokaci guda, ya cika mota ko ofis har na kusa da kai ya fara jin ciwon kai. A sanyi kuwa a hankali yake fita, kashi bayan kashi, sai hanci ya samu sararin rarrabe abin da ke ciki. Turaren lemo da na furanni marasa nauyi, waɗanda suka yi maka rana a watan Mayu, su ne ke yin shiru a safiyar Janairu a Jos ko Zinder, kamar ba ka shafa komai ba.

Shi ambar ɗin nan, mene ne ainihinsa?

Abubuwa uku ne ke amsa wannan suna, shi ya sa ake ruɗewa.

Akwai ambar na asali, wanda ke samuwa a hanjin wata ƙatuwar dabbar teku da Larabawa ke kira hutul anbar. Yakan yi shekaru yana yawo a kan ruwa, rana da gishiri suna gyara shi, kafin igiyar ruwa ta jefo shi gaɓa. Yana da wuyar samu, yana da tsadar gaske, wasu ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya ma sun hana cinikinsa. Tun wajen 1950 masana suka samo madadinsa daga sinadarin wani ganye, kuma shi aka fi zubawa a turaren zamani maimakon na asalin. Akwai kuma ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da, wanda ake yin carbi da duwatsun wuya da shi. Wannan ba shi da wani ƙamshin kirki.

Na ukun shi ne wanda ake nufi idan ka ga an rubuta ambar a jikin kwalba. Haɗi ne, ba abu guda ba: ƙaron wani tsiro mai danƙo da ake kira labdanum, wanda Sifaniya ta fi nomawa, da ƙaron da Larabawa ke kira luban jawi daga Sumatra da Laos, sai banila. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka da can daga gemun awaki ake tsefe labdanum, bayan sun yi kiwo cikin tsiron ya manne musu. Wannan haɗi ne ke ba da ɗumin nan mai ɗan zaƙi da ke kwanciya a jikin riga har washegari. Don haka idan mai shago ya ce maka kwalbar dubu biyar tana ɗauke da ambar na teku, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Wardi ba turaren mata ba ne?

A kasuwar Turawa ne aka fi raba shi haka. A ƙasashen Larabawa, Iran da Indiya maza sun daɗe suna shafa wardi, kuma duk wanda ya je aikin Hajji ya ga yadda ake ɗaukaka na Ɗa'if, har da ruwansa ake wanke ɗakin Ka'aba. A ganina wardin da aka haɗa da oud, wato man wani itace mai ƙamshi, ko za'afaran ya fi zama a jikin babbar riga fiye da yawancin abin da ake sayarwa da sunan turaren maza.

Irin da aka fi tatsa shi ne wardin Dimashƙu. Ana noma shi a tsaunukan Ɗa'if, inda ake tsinka a Maris da Afrilu, da kwarin Kazanlak a Bulgeriya, da Isparta a Turkiyya, da yankin Kashan a Iran. Da asuba ake tsinkar furen, kafin rana ta ɗaga ta kwashe man da ke cikinsa, kuma a ranar ake dafa shi. Sai an tara fure kilo 3,000 zuwa 5,000 kafin a samu kilo ɗaya na mai. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin tsadarsa. A garin Kannauj na Indiya har yau a tukwanen tagulla ake dafa furen, tururin ya bi ta cikin gora ya sauka a cikin man sandal, ya kama shi.

Wani abu da ya shafi wannan lokaci: man wardi tsantsa yakan daskare ko ya yi ƙanƙara-ƙanƙara idan gari ya yi sanyi. Ba lalacewa ya yi ba. Ka riƙe kwalbar a tafin hannu na ɗan lokaci, zai narke.

Me ake nufi da turare mai yaji?

Kayan da ke cikin kicin ɗinmu ne: kanumfari, kirfa, citta, masoro, za'afaran, da hel da ake sa wa gahawa. Wardi shi kaɗai yana da ɗan sanyi a hanci, kamar fure da raɓa a kansa. Kayan yaji ne ke ɗumama shi, ambar kuma ya riƙe shi kada ya gudu. Misali sananne shi ne Portrait of a Lady na kamfanin Frédéric Malle, wanda Dominique Ropion ya haɗa a 2010, inda wardin Turkiyya ya haɗu da kanumfari, kirfa da lubban. Kamfanonin Larabawa irin su Amouage na Oman, da Ajmal, Al Haramain da Lattafa, suna da ire-irensa a farashi daban-daban. Sai dai kirfa da kanumfari kan sa wa wasu ƙaiƙayi, balle a fatar da hunturu ya riga ya busar. Mai irin wannan fata ya fesa a tufafi.

Fatata a bushe take, turare ba ya daɗewa. Me zan yi?

Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, maiƙo ne ke riƙe shi. Bayan wanka ka shafa mai marar ƙamshi, basilin ko man kaɗanya da aka tace, sannan ka sa turaren a wuya, bayan kunne da wuyan hannu. Kada ka ƙara yawan feshi don kai ka daina ji. Hanci ne ya saba, na kusa da kai a sahun sallah yana ji sarai. Feshi biyu ko uku sun isa. A kula da farar shadda: man oud da ambar masu duhu suna barin tabo, gara a shafa ta ciki.

Na mai ya fi, ko na fesawa?

Na mai yana kwanciya kusa da jiki, ya daɗe, ba ya cika wuri. Na fesawa yana tashi ya yi nisa saboda sinadarin alkohol da ke ɗauke da shi. Wanda aka rubuta wa EDP (eau de parfum) a jikin kwalba yakan ƙunshi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na man ƙamshi, mai EDT (eau de toilette) kuwa ƙasa da haka. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin turare mai alkohol, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da na mai.

Uwargida za ta iya haɗa shi da humra da turaren wuta?

Ƙwarai kuwa, dangi ɗaya ne. Humrar da matan Barno, Chadi da Sudan suka gwanance a kai ta sandal ce da almiski da kanumfari da farce, wato murfin wani dodon koɗin teku da ake soyawa don ya kama ƙamshi. Duk kayan ɗumi ne masu nauyi, shi ya sa wardi ke hawa kansu lafiya lau. Ki turara kaya da daddare, ki shafa humra kaɗan da safe, sannan ki ɗora wardin sau ɗaya. Idan kowanne aka zuba shi da yawa, sai su danne juna.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne kasko. Saboda sanyi mutane kan rufe ƙofa da taga su bar garwashi a ɗaki, alhali gawayi na fitar da iskar guba marar wari, mai iya kashe mai barci. A turara, a fitar da kaskon, a buɗe taga. Gidan da ke da jariri ko mai asma, a turara kayan a waje, don ƙurar hunturu ta riga ta takura ƙirji.

Yaya zan gwada kafin in saya?

A fatarka, ba a murfin kwalba ko a takarda ba. Abin da ka ji a minti goma na farko kayan yaji ne da alkohol, su ne masu saurin tashi. Wardin zai bayyana bayan kamar rabin sa'a, ambar kuma sai an yi sa'a biyu ko uku, kuma da shi za ka wuni. Ka sa ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, kada ka wuce biyu, ka tafi ka gama cefanenka. Idan ka dawo gida har la'asar kana kai hannu hanci, shi za ka koma ka saya. In mai shago yana zuba ƙaramar kwalba ta mililita 3 ko 6, fara da ita, ka ajiye ta a cikin durowa inda rana ba ta kaiwa.